Harmonika: dalilin shaƙewar rami na 2 da yadda ake lanƙwasa sauti irin na buluz

Tambaya: Wani matashi daga Samaru ya sayi harmonika mai rami 10, an rubuta C a jikinta. Yana iya fitar da waƙoƙi masu sauƙi, amma idan ya zuƙi rami na 2 sai sautin ya fito a shaƙe, har yana zaton ta lalace. Kukan nan mai lanƙwasa da yake ji wurin mabusan buluz na Amurka ya ƙi fito masa, kuma idan abokinsa ya kaɗa jita a E ba sa haɗuwa. Yana kuma son sanin ko za ta shiga waƙoƙin zamani da ake haɗawa a situdiyo.

Amsa:

Ƙanena, harmonikarka lafiyarta ƙalau. Kusan duk wanda ya fara busa sai ya zargi rami na 2, kuma kusan kullum laifin yana ga yadda ake jan iska. Matsalolinka tushensu ɗaya ne: kana busa ta da leɓe da kumatu da ƙarfi, alhali abin da take buƙata shi ne numfashi mai laushi daga ciki da kuma sauya fāɗin kogon baki.

Fara da sanin abin da ke hannunka. A cikin kowane rami akwai siraran fallayen ƙarfe guda biyu, ɗaya yana karkarwa idan ka hura, ɗaya idan ka zuƙa, jimla 20. Sautukan kiɗa da haruffa ake kiransu, daga A zuwa G, bayan G a sake komawa A. A mai harafin C, hurawa daga rami na 1 zuwa na 10 tana ba ka C E G C E G C E G C. Zuƙa kuma tana ba ka D G B D F A B D F A. Ka haddace wannan jerin, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Lura da abu biyu a ciki. Zuƙar rami na 2 da hurar rami na 3 sauti ɗaya ne, wato G. Sannan daga rami na 1 zuwa na 6 sautin zuƙa ya fi na hura tsayi, daga na 7 zuwa na 10 kuma abin ya juya.

Idan wadda mutum ya samu a kasuwar Sabon Gari doguwa ce mai jeri biyu na ƙananan ramuka, 21 ko 24, wannan wata iri ce daban mai sauti mai rawa. Tana da daɗi wurin waƙa kai tsaye, amma ba da ita ake buluz ba, kuma wahalar banza mutum zai sha idan ya nace sai ya lanƙwasa sauti da ita.

Yanzu rami na 2. Fallen da ke wurin dogo ne, yana saurin jin duk wani canji a cikin baki. Idan ka tsuke leɓe, ka ɗaga harshe, ka tsotsa da kumatu, kana danne sautinsa ƙasa ba da saninka ba, shi ya sa yake fitowa a shaƙe ko ya ɗauke gaba ɗaya. Maganinsa shi ne ka shigar da harmonikar cikin baki sosai, ta zauna a kan sashen leɓe mai laima, ka ɗan ɗaga bayanta sama. Saki haɓa ta sauka kamar za ka yi hamma, harshe ya kwanta, sannan ka shaƙi iska a hankali har ka ji cikinka yana tasowa. Kafaɗu kada su motsa. A kwanakin farko ka bar 'yar iska ta shiga ta hanci lokacin zuƙar, za ka ji sautin ya buɗe nan take. Bayan bakinka ya gane siffar sai ka daina barin hancin. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka zuƙi 2, ka hura 3, ka maimaita. Ranar da suka fito daidai da juna, ka wuce wannan matakin. Wanda ya saba da algaita yakan zo da cika kumatu da danna iska. A nan wannan ɗabi'ar sai an ajiye ta, domin iskar da harmonika ke so ba ta wuce ta numfashin mutumin da ke zaune yana hira ba.

Sai batun rashin haɗuwarku da mai jita. Harmonikar C idan aka bi ta yadda aka ƙera ta, waƙar C take bayarwa, gidanta, wato sautin da waƙar ke komawa ta zauna a kai, shi ne hurar rami na 4. Wannan shi ne matsayi na ɗaya. Mabusan buluz kuwa yawanci matsayi na biyu suke bi: su ɗauki harmonikar C su yi waƙa a G, gidansu zuƙar rami na 2. Dalili a fili yake. Zuƙar ramuka na 1 zuwa 4 tare tana ba da haɗin sautin G cikakke, ka ƙara na 5 ka samu F wanda ke kawo ɗacin nan na buluz, kuma dukkan sautukan da ake iya lanƙwasawa a ƙasan harmonika na zuƙa ne. Saboda haka ƙa'idar ita ce ka ƙirga haruffa huɗu, kana farawa da harafin waƙar kansa: waƙa a E tana neman harmonikar A, waƙa a A tana neman D, waƙa a G tana neman C, waƙa a C tana neman F. Ko dai abokinka ya koma G, ko kai ka nemo harmonikar A. Ina ba ka shawarar ka nemo A ɗin, domin E da A su ne wuraren da masu jita suka fi zama, kuma muryarta ta fi ta C kauri.

Lanƙwasa sauti ita ce zuciyar al'amarin, a nan ya kamata ka fi ɓata lokacinka. Yadda mai kalangu ke matse tsarkiya da hammata ya sauya muryar ganga ba tare da ya sauya bugu ba, haka mai harmonika ke sauya fāɗin kogon bakinsa ya saukar da sauti ba tare da ya ƙara ƙarfin iska ba. Abin da ke faruwa a ciki shi ne fallaye biyun da ke rami ɗaya suna aiki tare, sautin yana gangarowa daga na sama zuwa kusa da na ƙasa, ya tsaya kimanin rabin taki (tazarar maɓalli ɗaya da na kusa da shi a fiyano) kafin ya kai shi. Don haka tazarar da ke tsakanin fallaye biyun ita ke yanke iyakar lanƙwasa. Rami na 1 da na 4 suna sauka daga D zuwa D♭, rabin taki (alamar ♭ tana nufin an sauke sauti rabin taki, ♯ kuma an ɗaga shi rabin taki). Na 6 daga A zuwa A♭. Na 2 yana da matakai biyu, F♯ da F. Na 3 yana da uku, B♭ da A da A♭. Na 5 kuwa tsakanin E da F babu wani cikakken sauti, ɗan karkacewa kawai yake yi, kuma masu dannarsa da ƙarfi suna neman abin da babu su ne suka fi kashe wannan fallen.

Ka fara da rami na 4. Zuƙe shi shi kaɗai, tsaf, bakinka a siffar faɗin "iii". Kana cikin zuƙar, ba tare da ka yanke iska ba, ka mayar da bakin siffar "uuu", ka ja tudun harshe baya ka ɗaga shi zuwa inda yake taɓa ganda idan za ka ce "ku". Kada ya taɓa ɗin, ka bar 'yar siririyar hanya. Hanci ya kasance a toshe daga ciki. Idan iska na shiga ta hanci lanƙwasa ba za ta kama ba. Wanda ya iya fito da baki yana iya gwada yin fiton ta hanyar zuƙa, ya saukar da shi daga sama zuwa ƙasa, ya lura da tafiyar harshensa, domin kusan motsin ke nan. Ka sauke manhajar auna sauti a waya, ka ajiye ta gabanka: za ta nuna D, idan abin ya kama sai ta koma C♯, wanda shi ne D♭. Minti 10 sau biyu a rana ya fi awa guda a zama ɗaya, saboda da baki ya gaji sai mutum ya koma amfani da ƙarfi.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Idan sautin ya ɗauke ɗif, ka toshe hanyar gaba ɗaya ko ka ja da ƙarfi. Idan ya yi siriri amma bai sauka ba, gaban harshe kake motsawa, bayansa na kwance. Idan ya sauka ya dawo da kansa, ka samu wurin amma ba ka riƙe shi ba, sai ka rage iska ka sake nema. Kuma idan ya kai ƙasansa ka tsaya. Danna shi fiye da iyakarsa yana gajiyar da ƙarfen, wata rana ka wayi gari sautin rami na 4 ya faɗi bai komawa daidai, daga nan sai tsagewa. Ramukan ƙasa, 1 da 2, suna son kogo mai girma, haɓa a sauke, motsin can kusa da maƙogwaro. Na 6 yana son ɗan ƙaramin motsi a gaba. A sama kuma hurawa ake lanƙwasawa: 8 daga E zuwa E♭, 9 daga G zuwa F♯, 10 daga C zuwa B da B♭. Jimmy Reed ya yi suna da wannan kukan na sama a matsayi na ɗaya, kuma ya fi sauƙin koyo a harmonikar A ko G.

Rami na 3 shi ne inda ake gane gwani. Lanƙwasa shi da yawa abu ne mai sauƙi, tsayar da shi a matakin da ake so ne aikin. Jerin sautukan buluz a matsayi na biyu shi ne: zuƙar 2, zuƙar 3 da lanƙwasar rabin taki, hurar 4, zuƙar 4 a lanƙwashe, zuƙar 4 a sake, zuƙar 5, hurar 6. Wato G, B♭, C, D♭, D, F, G. Ka hau ka sauko a hankali da manhajar a gabanka. Bayan ka mallake shi za ka ji cewa tsofaffin mabusa sukan ajiye na 3 ɗin a tsakanin B da B♭, wurin da fiyano ba ta da shi, kuma a ganina wannan 'yar tazarar ce ta fi komai sa harmonika ta yi kama da muryar mutum.

Zubin buluz da aka fi sani gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu 4. Idan waƙar a G take: gaɓa 4 a kan G, 2 a kan C, 2 a kan G, 1 a kan D, 1 a kan C, sai 2 na ƙarshe su koma G, galibi a rufe da D don a juyo farko. Idan jita na kan G ka sauka a zuƙar 2 ko hurar 6. Idan ta koma C ka sauka a hurar 4 ko 1, kuma a nan dole na 3 ya sauka cikakken B♭, domin B a sake yana karo da ita. Idan ta je D ka sauka a zuƙar 4 ko 1. Za ka tarar huhunka na cika saboda yawan zuƙa. Ka riƙa fitar da iska ta hanci duk lokacin da ka zo kan hurawa, ko ka musanya zuƙar 2 da hurar 3 a wurin da ba a buƙatar lanƙwasa.

Akwai hanya biyu ta ware rami ɗaya. Tsuke leɓe ita ce wadda kake yi yanzu, kuma ta wadatar wurin fara lanƙwasa. Ta biyu ita ce toshewa da harshe: bakinka ya rufe ramuka 4, harshe ya toshe 3 na hagu, iska ta bi ta kusurwar dama. Kaurin sautin mabusan birnin Shikago na Amurka irin su Little Walter da Big Walter Horton da yawansa daga nan yake. Da ita ake mari, wato a fara busa ramukan duka na ɗan ƙiftawa sannan a ɗora harshe ya rage ɗaya. Da ita kuma ake tagwayen sauti: harshe ya toshe ramuka 2 na tsakiya, iska ta bi gefe biyu, hurar 1 da 4, ko 2 da 5, ko 3 da 6, sauti ɗaya ƙasa da sama. Makonnin farko yawu zai dame ka. Ka ɗaga kai, kada ka sunkuya, ka sassauta harshen. Kada ka jinkirta koyonta shekara da shekaru, domin wanda ya daɗe a kan tsuke leɓe yakan ji ƙyuyar komawa baya.

Sauran kayan ado ba su da wuyar bayani. Kaɗawa tsakanin zuƙar 4 da 5 ana yin ta da ɗan girgiza kai ko hannu, a fara a hankali har kowanne ya fito daidai. Rawar murya daga maƙogwaro take, kamar ƙaramin tari da ake yi ciki yayin zuƙa, a jere bisa bugun waƙa. Hannu kuma: riƙe da hagu, ramukan ƙasa na ɓangaren hagu, dama ta rufe baya ruf, buɗewa da rufewa su ba da "wa-wa". Idan rufin na yoyon iska ba za ka ji bambanci ba. Don kiɗan jirgin ƙasa, wanda DeFord Bailey ya shahara da shi tun shekarun 1920, ka zuƙi 1-2-3 sau biyu, ka hura sau biyu, kana furta "ta-ka" ba murya, ka fara da jan ƙafa irin na jirgin da ke barin tasha sannan ka ƙara sauri. Babu atisayen da ya fi shi gyara numfashi. Sonny Terry ya ɗora ihu da murya a tsakanin busa a irin wannan salon na karkara.

Sautin nan mai gurnani da kake ji a faya-fayan Shikago na makirfo ne. Little Walter ya riƙa haɗa harmonika da ƙaramin makirfo cikin tafin hannu ya rufe, ya tura cikin amfilifaya har ta ƙoshi, kuma kiɗansa "Juke" na 1952 ya kai lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard. Makirfon da aka fi sani da wannan aiki su ne Shure Green Bullet da Astatic JT-30, waɗanda aka saba haɗawa da amfilifayar jita. Idan ka samu irinsu, ka rage sautin sama, ka ƙara na ƙasa, ka tsaya a gefen lasifika, in ba haka ba ƙara za ta tashi. A wurin biki ko taro inda makirfon mawaƙi kawai ake da shi, ka tsaya tazarar tafin hannu daga gare shi ka yi aiki da hannuwanka. Makirfo ba ya gyara siririn sauti, ƙara bayyana shi yake yi.

Game da situdiyo, tana shiga sosai, sai dai ka fara tambayar mai haɗa kiɗan harafin da waƙar take kai da kuma ko mai haske ce ko mai sanyi irin wadda 'yan fiyano ke kira maino. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma harmonika na da su ba tare da lanƙwasa ba. Ga waƙa mai haske a C: hurar 4, zuƙar 4, hurar 5, hurar 6, zuƙar 6, hurar 7. Ga maino sai matsayi na uku, inda harmonikar C ke ba da D: zuƙar 4, zuƙar 5, hurar 6, zuƙar 6, hurar 7, zuƙar 8. A wannan matsayin waƙar A maino tana neman harmonikar G, E maino tana neman D. Ka kiyayi zuƙar 3 da 7 a sake a irin waɗannan waƙoƙi har sai kunnenka ya tabbatar sun zauna. Idan harmonikar da ta dace ba ta hannunka, mai fiyano na iya matsar da kiɗan duka da maɓalli ɗaya, muddin muryar mawaƙi za ta kai. Abu biyu za ka roƙa. Kada a ɗora wa layinka na'urar daidaita murya da ake sa wa mawaƙa, domin za ta fizge kowace lanƙwasa ta mayar da ita tsalle. Sannan a sani cewa masana'antu da yawa suna ɗaura harmonika a ma'aunin tsayin sauti na 442 ko 443 maimakon 440 da aka saba, don haka idan an ji ta ɗan ɗara fiyano tsayi ba lalacewa ba ce. Wurin busawa kuma ka bar mawaƙi ya gama baitinsa ka amsa masa a giɓin, kada ka hau kan muryarsa.

Idan waƙa na yawan sauya sautuka, hanya biyu ce. Akwai harmonika mai maɓalli a gefe, mai rami 12 da fallaye 48, wadda danna maɓallinta ke ɗaga kowane sauti rabin taki. Ita Stevie Wonder yake busawa, ita ce kuma Toots Thielemans ɗan Beljiyam ya riƙa busawa a kiɗan jaz. Akwai kuma dabarar da Howard Levy ya faɗaɗa tun wajen 1970, inda ake hura rami na 4, 5 ko 6 ta yadda fallen hura zai tsaya cik, na zuƙa ya ɗauka da sauti mafi tsayi: E♭, F♯ da B♭. Wannan tana buƙatar a matso da fallaye kusa da farantinsu, wato ƙarfen da aka kafe su a kai, kuma ban ga amfanin taɓa ta ba kafin mutum ya mallaki matakai ukun rami na 3.

Yanayin Zariya yana da nasa hukunci a kan kayan. Hohner Marine Band, wadda ake yi tun 1896 kuma tsofaffin mabusa suka fi riƙewa, tsakiyarta itace ne. Yana kumbura da yawu, ya bushe ya tsuke da hunturu, iska ta fara yoyo, gefensa ya riƙa yankar leɓen da dama ya tsage. A nan mai tsakiyar roba ta fi kwanciyar hankali, irin Hohner Special 20 ko Lee Oskar, wadda ake sayar da farantan fallayenta daban idan ɗaya ya mutu. Ka kurkure baki kafin busa, musamman bayan gyaɗa, goro ko shayi mai sukari, domin ɓurɓushi ɗaya ya isa ya tsayar da falle. Bayan busa ka bubbuga ta a tafin hannu ramuka na kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska, sannan ka mayar da ita akwatinta saboda ƙura. Kada ka bar ta cikin mota a rana, kada kuma ka ba da aronta.

Idan rami ya yi shiru farat ɗaya, kada ka zura tsinke ta gaba. Kwance murfin da ƙaramin sukundireba, ka nemo fallen, ka zura 'yar takarda mai tsabta a ƙarƙashinsa daga gindi zuwa baki har abin da ya maƙale ya fita. Ka duba tazarar bakin fallen daga faranti, wadda ya kamata ta yi kusan kaurin fallen kansa: idan ta yi ƙasa sosai zai riƙa shaƙewa da ka ɗan ƙara iska, idan ta yi sama zai sha iska kafin ya amsa. Ana gyara ta da ɗan dannawa kaɗan-kaɗan, ana gwadawa bayan kowace dannawa. Mai tsakiyar roba ana iya ɗauraye ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi a shanya. Mai itace da mai maɓalli ba a jiƙa su. Wurin ƙara saye kuma, bayan C ka nemi A, sannan D da G, daga baya F da B♭.